Baftisma da Ruhu Mai Tsarki: Tushen Koyarwar Kiristoci Ƴan Fentikos

Kalmar Fentikos daga Girkanci ta fito, ma'anarta "na hamsin". Sunan wani idi ne na Yahudawa wanda ake yi kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 2, ya ba da labari cewa a ranar wannan idi almajiran Yesu suna tare a Urushalima, sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko a kansu, suka fara magana da waɗansu harsuna, har baƙin da suka zo daga ƙasashe daban-daban kowa ya ji ana magana da harshen garinsu. Duk Kirista ya san wannan labari. Abin da ya bambanta ƴan Fentikos shi ne sun ce abin da ya faru ran nan bai wuce ba, kowane mai bi yana iya samunsa a yau.

A nan sai ɗalibi ya kula da kalma. A wurin Musulmi, Ruhul Ƙudusi Mala'ika Jibrilu ne. A wurin Kirista kuwa, Ruhu Mai Tsarki Allah ne da kansa, ɗaya daga cikin Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu. Galibin ƴan Fentikos sun yarda da Triniti, da cewa Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce, da cewa ceto ta wurin mutuwar Yesu da tashinsa yake. Duk wannan sun yi tarayya da sauran Furotesta. Akwai dai wani reshe da ya ware tun wajen 1916, wanda ya ƙi koyarwar Triniti, yake yin baftisma da sunan Yesu kaɗai.

Koyarwarsu ta musamman ita ce baftisma da Ruhu Mai Tsarki. A ganinsu, mutum yakan tuba ya sami "sabuwar haihuwa", a kuma yi masa baftisma a ruwa, amma akwai mataki na gaba, inda Ruhu zai cika shi ya ba shi ƙarfin yin shaida. Daga nan ne baye-baye suke zuwa. Manzo Bulus ya lissafa guda tara a 1 Korantiyawa sura ta 12, cikinsu akwai warkarwa, da annabci, da rarrabe ruhohi, da magana da harsuna, da fassarar harsunan. Waɗansu malaman Furotesta sun daɗe suna koyar da cewa waɗannan al'ajabai sun ƙare tun zamanin manzanni. Ƴan Fentikos suka ce babu ayar da ta faɗi haka.

To, ta yaya za a san mutum ya sami wannan baftisma? Wannan tambaya ce Charles Parham ya ba ɗalibansa a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a Topeka, jihar Kansas ta Amurka. Amsar da suka tsaya a kai ita ce: alamar farko ita ce magana da harsuna. Ran 1 ga Janairu 1901 wata ɗaliba, Agnes Ozman, ta yi irin wannan magana. William Seymour, baƙar fata, ɗan ƴantattun bayi, ya koyi wannan a wurin Parham, ya kai shi Los Angeles. Tarurrukan da ya jagoranta a titin Azusa daga 1906 su ne suka watsa abin a duniya. A can baƙi da farare suka yi addu'a a ɗaki ɗaya, abin da ba a saba gani ba a Amurka ta wancan lokaci.

Parham ya gaskata cewa harsunan nan harsunan mutane ne na sosai, kuma Allah ya ba da su ne domin a yi wa'azi ba tare da wahalar koyo ba. Waɗansu suka ɗauki maganar da gaske. Alfred Garr ya bar Los Angeles a 1906 ya nufi Indiya, yana da tabbacin cewa an ba shi Bengalanci. Da ya isa Kalkata, masu harshen ba su gane abin da yake faɗa ba, dole ya yi wa'azi da Ingilishi. Bayan irin waɗannan abubuwa sai bayanin ya sauya: akasari aka koma ɗaukar harsuna a matsayin harshen addu'a tsakanin mutum da Allah, wanda ko mai yin sa ba ya gane shi sai an ba wani baiwar fassara.

Masana harsuna ma sun duba lamarin. William Samarin, wanda ya yi aiki a kan harshen Sango na Afirka ta Tsakiya, ya naɗi muryoyin masu magana da harsuna, ya buga sakamakon a 1972. Ya tarar cewa gaɓoɓi ne ake jerawa, yawancinsu daga sautukan harshen da mai maganar ya sani, da hawa da saukar murya kamar na jimla, amma babu tsayayyar dangantaka tsakanin sauti da ma'ana. Wato a ma'aunin nahawu ba harshe ba ne. Sai dai Samarin bai ɗauke shi ciwon hauka ko yaudara ba, masu bi kuma sukan amsa cewa ba don ma'aunin nahawu aka ba da shi ba.

Daga 1960 wannan koyarwa ta shiga tsofaffin ikilisiyoyi, lokacin da Dennis Bennett, wani limamin Angalika a Kalifoniya, ya gaya wa jama'arsa cewa ya yi magana da harsuna. A 1967 ta kai ga Katolika ta hanyar malamai da ɗaliban Jami'ar Duquesne. Waɗannan su ake kira ƴan Karismatik, daga kalmar Girkanci mai nufin baiwa. Ba su bar ikilisiyoyinsu ba, kuma da yawansu ba su ce dole sai mutum ya yi magana da harsuna ba. A ƙididdigar cibiyar Pew ta 2011, ƴan Fentikos sun kai miliyan 279, ƴan Karismatik miliyan 305, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristocin duniya.

Sauran ginshiƙai biyu su ne warkarwa ta wurin addu'a da ɗora hannu, da kuma sa ran dawowar Yesu nan kusa. A Afirka ta Yamma warkarwa da fitar da aljannu sun fi harsuna jan jama'a, domin koyarwar ba ta ce maita da sammu tatsuniya ba ne, cewa ta yi ikon Yesu ya fi su. Inda ake jayayya ƙwarai shi ne "bisharar wadata", mai cewa lafiya da dukiya hakkin mai bangaskiya ne, wadda Benson Idahosa ya yaɗa daga birnin Benin na Nijeriya. Wannan ba ta cikin koyarwar farko, kuma ikilisiyar Deeper Life ta W. F. Kumuyi, wadda ita ma ta Fentikos ce, tsarkin rai da gudun duniya ta sa a gaba.