Darasin Radiyo: Ƙasar da ta sha guba

Darasinmu na yau a kan ƙasar da ta sha guba ne, da ƙananan halittun da ke yi mata magani.

Dattawa ba su manta da farin dango na 1988 ba, matasa kuma sun ga na 2004. An yi feshi da jirgi da mota. Tun kafin nan an daɗe ana aiki da wani magani mai suna diyaldirin, wanda ke yin shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. A 1991 aka kwashe ragowarsa daga Nijar, aka kai Holan aka ƙone. Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta hana aiki da shi. Amma inda tano ya taɓa tsiyaya, ƙasa tana nan riƙe da gubar.

Ku da ke noman rogo da albasa a cikin kwari, ƙarƙashin dabino, kun san ruwa kusa yake. Abin da ƙasa ta sha yau, gobe yana cikin rijiya.

To, cikin cokali guda na ƙasa mai taki akwai miliyoyin halittu da ido ba ya gani. Sunansu bakteriya. Su ne ke ruɓar da kara da kashin dabbobi. Waɗansunsu suna cin maganin ƙwari, su farfasa shi har ƙarfinsa ya kare. Abu uku suke bukata: abinci, laima da iska. Shi ya sa suka yi ƙaranci a rairayin jigawa.

In maganin feshin lambu ya zube kaɗan, ga abin yi:

1. A yi wa wurin shinge saboda yara da bisashe.
2. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki.
3. A yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, kada a cika, don kada guba ta gangara rijiya.
4. A riƙa juya ƙasar don ta sha iska. Aikin watanni ne, sai haƙuri.

Tsohon ma'ajin magani kuwa, kada ku taɓa shi. Ku sanar da malamin gona.

Ƙarfe daban yake. Dalmar da ke cikin tsohon batirin mota ba ta ruɓewa. Bakteriya suna iya ɗaure ta wuri guda, amma ba su iya cinye ta. A Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Don haka kada a fasa batiri a gida ko a bakin rijiya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayar da za ku tattauna da malaminku: a garinku, ina ake zubar da galan ɗin magani in ya ƙare?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.