Takardar Sake Duba Naƙasa: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'a, a ƙasar Madarunfa, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, daga Safo zuwa Jiratawa, akwai ƴan'uwanmu masu fama da ciwo mai daɗewa. Akwai masu amosanin jini, wato sikila. Akwai masu farfaɗiya, da masu ciwon suga, da waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Idan irin wannan ciwo ya hana mutum neman abincinsa, ya zama naƙasa. Taimakon da hukuma ko ƙungiyoyi ke ba naƙasassu kuwa, galibi da takarda yake farawa. Bayan wani lokaci kuma akan sake kiran mutum a duba halin da yake ciki. Yau za mu yi bayani a kan yadda ake amsa tambayoyin wannan takarda.

Abin da doka ta ce

A shekarar 1993 Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu. A ran 10 ga watan Disamba 2019 aka ƙara wata doka domin a riƙa damawa da su cikin al'amuran ƙasa. Ke nan mai neman wannan taimako haƙƙinsa yake nema, ba bara yake yi ba.

Wanda ya yi aikin albashi, ana yanke masa kuɗi ana zubawa a asusun ma'aikata na CNSS, yana iya neman fanshon naƙasa. Daga cikin sharuɗɗan, sai likita ya tabbatar ciwo ya raba shi da kashi 2 cikin 3 na ƙarfin neman abincinsa. Asusun yana da ofishi a Maraɗi.

Me ya sa ake sake dubawa?

Dalili shi ne ciwo yana canzawa. Wani ya samu sauƙi, wani nasa ya ƙaru. Wani kuma cutar ta tafi amma ta bar ɓarna. Mu ɗauki misalin kuturta, wadda ake maganinta a asibitin Danja. Maganin wata 6 ko wata 12 yana kashe ƙwayar cutar. Amma idan ta riga ta lalata jijiya, hannu ba ya jin zafin wuta, ƙafa ba ta jin ƙaya. Mutum ya warke, amma bai iya riƙe hauya ba. Dole takarda ta nuna wannan bambanci.

Gaisuwa daban, takarda daban

Nan ne mutane da yawa suke cutar kansu. A al'adarmu, idan an ce “Yaya jiki?” sai mu ce “Da sauƙi”, ko da ba mu runtsa ba daren jiya. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma likita abin da ya ji kuma ya gani shi yake rubutawa. Idan ya rubuta “da sauƙi”, ana iya rage taimako ko a tsayar da shi, alhali gida na dogara da shi.

Abu na biyu, mai ciwo mai daɗewa yana da ranar daɗi da ranar wuya. Ranar da ya samu ƙarfin hawa mota ita ce ranar da likita zai gan shi. Likita bai ga daren hunturu da ciwon ƙashi ya hana mai sikila kwanciya ba. In ba a faɗa masa ba, ba zai sani ba.

Yadda za mu shirya

1. Mu samu ɗan littafi tun kafin ranar. Duk ranar da ciwo ya tashi mu rubuta kwanan wata, da abin da ya hana mu yi.

2. Mu tara takardunmu: karnen asibiti, takardun magani, sakamakon awon jini, takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa.

3. Mu faɗi aiki, kada mu tsaya ga sunan ciwo. Maimakon “ƙafa na damuna”, mu ce: “Ba na iya tafiya daga gida zuwa gona sai na zauna sau 3.” Mace ta ce: “Ba na iya daka, ba na iya jan guga, ɗiyata ke yi mini wanka.”

4. Mu yi magana da lissafi: “A watan jiya na kwanta kwana 9.” “Bana dame 15 na samu a gonar da nake samun 40, domin ban iya maimai ba.”

5. Mu tafi da wanda yake jinyarmu. Mai farfaɗiya bai san abin da ke faruwa ba idan ya faɗi. Wanda ya gani shi zai faɗi sau nawa ne, da tsawon lokacin.

6. Takardar da Faransanci take zuwa. Wanda zai cika mana ya zama amintacce. Ya karanta mana tambaya, ya rubuta, ya sake karanta mana amsa da Hausa. Kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da ba a cika ba.

7. Mu yi hoton takardar mu ajiye a gida, kuma mu mayar da ita kafin wa'adi ya cika. In ciwo ya hana mu zuwa, mu aika a sanar.

Kada mu rage, kada mu ƙara

Kamar yadda ɓoyewa ke cutarwa, haka ƙari yake cutarwa. Likita yana awo, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. In akwai abin da muka samu sauƙinsa, mu faɗa. In akwai abin da ke da nauyin faɗa, kamar rashin riƙe fitsari, mu nemi a keɓe mu da likita, domin aikinsa ya hana shi tona asirin marar lafiya. Idan kuma amsar da ta fito ba ta gamsar da mu ba, mu tambayi dalili a rubuce. Mu nemi shawarar ofishin kula da jin daɗin jama'a, ko ta ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa marar lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.