Karatun jami'a ta intanet: me ya sa ɗalibai ke watsewa kafin ƙarshe?

Yau za mu duba yadda jami'o'i ke koyarwa ta hanyar intanet, da kuma dalilin da ya sa dubban mutane kan yi rajista da zumuɗi, amma 'yan kaɗan ne ke kaiwa ƙarshe. Idan kana zaune a Jidda ko Kumasi ko Landan, kana aiki da rana, kana kuma tunanin ƙaro ilimi da dare ta wayarka ko kwamfutarka, to wannan magana ta shafe ka.

Bari mu fara da jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya a Amurka. A shekara ta 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka saka darasinsu na ƙirƙirarriyar basira a intanet kyauta ga duk mai so, wato fasahar nan ta koya wa kwamfuta yin aiki irin na ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Mutane kimanin dubu 160 suka yi rajista daga sassan duniya. Kafin a ce kwabo, a shekarar da ta biyo baya an ƙaddamar da dandalin Coursera da Udacity, jami'o'in MIT da Harvard kuma suka haɗa gwiwa suka kafa edX. A lokacin har wasu sun fara hasashen cewa kwanan ajin jami'a na bulo da siminti ya ƙare.

To amma da aka zo ƙidaya sai murna ta koma ciki. Daga cikin mutum dubu 160 ɗin nan, kimanin dubu 23 ne suka kammala. A jami'ar MIT kuwa, darasin da Farfesa Anant Agarwal ya gabatar a 2012 kan da'irorin lantarki ya samu mutum kusan dubu 155, amma dubu bakwai da 'yan kai ne suka ci jarrabawa, wato ko kashi biyar cikin ɗari bai cika ba.

A nan sai a yi adalci. Dubu bakwai ba ƙaramin adadi ba ne, malami zai yi shekaru da dama a aji bai yaye haka ba. Kuma abin da aka ce kyauta ne, da yawa leƙe kawai suka je yi. Shi ya sa gwajin da aka yi a jami'ar jiha ta San Jose a 2013 ya fi ɗaukar hankali. A can ɗalibai sun biya kuɗi, kuma sakamakon yana shiga takardar shaidarsu. Jami'ar ta haɗa kai da Udacity aka koyar da darussan lissafi uku ta intanet zalla. Fiye da rabin ɗaliban suka faɗi, aka dakatar da shirin bayan 'yan watanni. Da dama daga cikinsu dama can lissafin yana ba su wahala, wasunsu ma ba su da kwamfuta a gida. Ke nan waɗanda aka ce sabuwar hanyar za ta fi taimaka wa, su ta fi kayarwa.

Mene ne ya ɓace? Amsar tana wajen wata jami'a da ta girmi intanet ɗin da muka sani. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya a 1969, ta kuma ɗauki ɗalibanta na farko, kimanin dubu 25, a 1971. Da rediyo da talabijin da gidan waya ta fara, sai a ƙarshen 2006 ne aka daina watsa darussanta a talabijin na BBC. Mutane sun fi tuna laccocin talabijin ɗin, amma ƙashin bayan tsarin shi ne malamin da ake haɗa ka da shi. Kowane ɗalibi yana cikin ƙaramin rukuni, galibi na mutum ashirin ko kusa da haka, ƙarƙashin malami guda wanda ya san sunansa, yana duba aikinsa, yana rubuta masa gyara, idan kuma ya ji shi shiru ya neme shi. Shi kansa darasin ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba, ayari ne na malamai da editoci da masu tsara hotuna, kuma sukan daɗe suna aikin kafin ɗalibi na farko ya gani. Ita ma wannan jami'a ɗalibai na barinta a tsakiyar hanya, kada a ce mun yi mata kwalliya, amma ta nuna cewa aika lacca shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai tsada shi ne mutumin da zai karanta abin da ka rubuta.

Yanzu bari mu leƙa yadda aikin yake a aikace. Hanyoyi biyu ne manya. Akwai darasi na kai tsaye, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda ta manhaja irin su Zoom. Akwai kuma na ajiye, inda malami ke ɗora bidiyo da rubutu da tambayoyi a wani dandali, kowa ya shiga lokacin da ya samu sarari. Ɗaya daga cikin sanannun dandalin shi ne Moodle, wanda wani ɗan Ostareliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, kuma kyauta ne, shi ya sa jami'o'i da yawa a Afirka suka rungume shi.

Na kai tsaye yana da daɗi domin za ka yi tambaya a ba ka amsa nan take, sai dai yana da sharri ga wanda ke nesa. Idan malami a Landan ya sa darasi ƙarfe shida na yamma a lokacin hunturu, a Accra shida ɗin ce, a Makka ƙarfe tara na dare, a New York kuwa ƙarfe ɗaya na rana, ɗalibi yana tsakiyar aiki. Ga cin data, domin sa'a guda ta bidiyo tana cinye ninkin ba ninkin abin da murya kaɗai za ta ci. Idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, darasin ya wuce ka ke nan, sai fa in an naɗa.

Shi ma na ajiye yana da nasa ka'idoji. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya duba kallon bidiyo kusan sau miliyan bakwai a dandalin edX, ya gano cewa hankalin ɗalibai kan fara gushewa da zarar bidiyo ya haura minti shida. Ya kuma gano cewa malamin da ke magana kamar hira, yana rubutu da hannunsa ana gani, ya fi riƙe mai kallo a kan laccar aji ta sa'a guda da aka kafa wa kyamara a bayan ɗaki. Abin mamaki, wannan ta biyun ita ce jami'o'i da dama suka yi a 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu. Ba laifin malaman ba ne kacokan, an ba su 'yan kwanaki su yi aikin da ke buƙatar watanni. Amma ɗalibai da yawa daga nan suka yanke hukuncin cewa karatun intanet ba karatu ba ne, alhali abin da suka gani ɗaukin gaggawa ne.

Inda aka yi shiri sosai kuwa abin ya yi aiki. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta buɗe digiri na biyu a ilimin kwamfuta ta intanet a 2014, a kan kuɗi kimanin dala dubu bakwai a lokacin, ƙasa sosai da na zama a harabar jami'ar. Ana tantance ɗalibai kafin a ɗauke su, kuma akwai mataimakan malamai masu yawa da ke duba ayyuka da amsa tambayoyi. Dubbai sun kammala.

Saura batun jarrabawa, wanda har yanzu yake ci wa jami'o'i tuwo a ƙwarya. Ta yaya za a tabbatar cewa wanda ya yi rajista shi ne ke rubutawa? Wasu na sa ɗalibi ya kunna kyamara ana kallonsa. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, aikin gida na rubutu ma ya shiga zargi, har wasu malamai suka koma yi wa ɗalibi tambayoyi baki da baki. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, tana da cibiyoyin karatu a jihohi inda ɗalibai ke zuwa da ƙafarsu su zauna jarrabawa.

Saboda haka malam mai saurare, ko malama, kafin ka tura kuɗinka ka tambayi wanda zai duba aikinka, ɗalibai nawa ne a hannunsa, kuma kwana nawa yakan ɗauka kafin ya maido da gyara. Ka tambaya ko ana iya sauke darasi a waya a kalla ba tare da intanet ba, da kuma inda za ka zauna jarrabawa. Idan kuma a gida kake son amfani da takardar, ka bincika ko hukumar da abin ya shafa ta amince da jami'ar, kamar hukumar kula da jami'o'i ta NUC a Nijeriya.