Kisra, Abincin Da Ba Ya Jiran Jirgin Ruwa

Kakanninmu ba da kisra suka zo Sudan ba. Lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo ragowar jama'ar mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka yada zango a bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, tuwo da fura suka sani. A hannun maƙwabta matanmu suka koyi kisra, ta zama cimar gida daga garin Mai Wurno har ƙauyukan Jazira. Yau kuwa sai ka tarar da budurwa ta isa aure ba ta taɓa zama gaban doka, kaskon suyar kisra, ba, saboda burodin kasuwa ya sangarta mu.

Kayan haɗin ba su da yawa: garin dawa, irin fatarita ko tabat, da ruwa. A kwaɓa a cikin tukunyar da aka keɓe don haka, a zuba ɗan ragowar ƙullun jiya, a rufe ya kwana. Wannan ragowar ita ce jarin uwargida, shi ya sa ba a wanke tukunyar tas, in kuwa ta ƙare sai a aiki yarinya maƙwabta ta roƙo. A cikinta akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ke cin zaƙin garin su mayar da shi tsami. Tsamin nan ba don daɗin baki kaɗai ba ne. Yana daƙile ƙwayoyin da ke ɓata ciki, yana kuma rage sinadaran dawa masu hana jiki tsotsar ƙarfen da ke ƙara jini. Da bazara ƙullu kan yi tsami da wuri, da sanyi sai an ba shi lokaci.

Wajen suya ake gane gwana. Ta ɗora doka, ko ta yumɓu ko farantin ƙarfe, ta goge ta da tsumma mai ɗan maiƙo. Tsofaffi da ɓargo ko ƙwaƙwalwar saniya suke shafawa, yaran yanzu da man gyaɗa. Sai ta tsiyaya ƙullu a gefe guda, ta ɗauki gargariba, ɗan guntun kabar nan da ake tsomawa a ruwa, ta ja ƙullun dama da hagu har ya rufe doka siriri. Kafin minti ɗaya baki ya ɗago, ta ɓamɓaro da yatsu ta shimfiɗa a faifai. Ba a juya kisra. In ta manne, maiƙo ya yi kaɗan ko doka ba ta yi zafi ba; in ta yi dama-dama a tsakiya, ƙullu ya yi kauri. Wasu na barbaɗa ɗan garin alkama don kada ta yage, kuma ban ga laifinsu ba.

Me ya sa ake yin ta siririya haka? Dawa ba ta da danƙon alkama, wanda shi ke riƙe iska har burodi ya kumbura. Shi ya sa sai an shimfiɗa ƙullunta siriri. To, alkamar da Sudan ke ci, mafi yawanta jirgin ruwa ke saukewa a Fot Sudan, duk da wadda ake nomawa a Jazira da hunturu.

Mun ga abin da wannan dogaro ke jawowa. A Disambar 2018 kuɗin burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3, Atbara ta ɗauki wuta, kafin Afrilun 2019 ta ƙare gwamnatin Albashir ta tafi. Sannan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disamba, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Gidan burodi sai da gari da mai da buɗaɗɗiyar hanya. Ɗaya ya yanke, an rufe ƙofa. Mai buhun dawa a ɗaka da busasshiyar kuɓewa, ita ko an datse hanya za ta ɗora doka.

Ba a ce aikin ba wuya. Hayaƙin icce na cin ido da ƙirji, tsugunno na cin gwiwa, zafin doka kuwa sai wadda ta zauna gabanta. Don haka maigida, kai ma da naka: ka buɗe wa madafa taga, ka sayo gawayi in da hali. Ke kuma uwargida, ki zaunar da 'yarki kusa da ke ki miƙa mata gargariba. Za ta yaga goman farko, ki ƙyale ta, kaji za su ci.