Ruwan Sha a Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram garuruwa ne a kudancin Jihar Jigawa. Ƙasarsu ƙasar duwatsu ce. Manomi yakan ga ruwan sama isasshe da damina, amma da rani ruwan sha yakan yi wuya, domin a wurare da dama mai haƙar rijiya ba ya nisa sai ya ci karo da fa. In rijiyoyi suka janye, sai mata da yara su ɗauki tulu da jarka su nufi kududdufi, ko su tona yashin kogi su jira ruwa ya tsattsafo. Yaron da ya yi safiya a wurin ɗiban ruwa kuwa, ba ya isa makaranta da wuri.

Ruwan kududdufi yana da haɗari, ko da ido ya gan shi garau. A da, cutar kurkunu takan shiga jikin mutum ta irin wannan ruwa, ta kwantar da shi da damina, gonarsa ta cika da ciyawa. A wajen 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Sai aka dage da koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ciwon shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar nan.

Amma da sauran aiki. A 2021 amai da gudawa ya hallaka mutane da yawa a Jigawa, shi ma ƙazamin ruwa ne ke yaɗa shi. Wannan wahala ba ta Jigawa kaɗai ba ce. A 2022 mutum wajen biliyan 2 a duniya ba su da tsabtataccen ruwa a gidajensu, alhali a Ingila famfo yana cikin ɗaki. Tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ruwa mai tsabta haƙƙin kowane ɗan Adam ne.

Hukuma ce ke da ikon fasa dutse ta kawo ruwa, amma kiyaye shi aikin mutanen gari ne. Su rufe bakin rijiya, su rataye guga, su nisanta masai da ita, su tafasa ruwan da ba su amince da shi ba. In famfon tuƙa-tuƙa ya lalace kuma, su haɗa kuɗi a gyara, kada a koma kududdufi. Dabarar da ta kori kurkunu tana iya korar amai da gudawa.