Iyafis Na Dala 2,000: Kunnen Wa Za Mu Yarda Da Shi?

Idan ka lura da manyan mawaƙa a kan dandamali, za ka ga wani ɗan abu a toshe a kunnensu, wayarsa ta zagaya ta bayan kunne ta shige cikin riga. Ba kwalliya ba ce. Da shi mawaƙi ke jin muryarsa da kiɗansa a tsakiyar ihun dubban mutane. Masu harkar sauti na kiran sa IEM a taƙaice. Yanzu ya sauko daga dandamali ya shiga aljihun matasa, kuma akwai nau'insa da kuɗinsa ya isa a sayi babur har da canji.

A 1995 wani injiniyan sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa Alex Van Halen, makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen, iyafis da aka yi daidai da siffar kunnensa, mai lasifika biyu a ciki. Daga nan aka kafa kamfanin Ultimate Ears, wanda Logitech ya saye a 2008. Kafin wannan ma, kamfanin Etymotic ya fitar da ER-4 a 1991, amma aikin Harvey ne ya cusa abin a duniyar mawaƙa.

Bambancinsa da iyafis na yau da kullum shi ne toshewa. Robar bakinsa na shiga cikin ramin kunne ta rufe shi ruf, hayaniyar waje ta ragu, sautin ganga ya fito da nauyinsa. Lasifikar da ke ciki iri-iri ce. Akwai dainamik, wadda ƙaramar sifika ce irin ta rediyo, kuma ita ce gwanar bes. Akwai balans amacha, ɗan ƙaramin akwatin ƙarfe da ya samu gindin zama a na'urar taimaka wa masu matsalar ji, kuma kamfanonin Knowles na Amurka da Sonion na Denmark ne kan gaba wajen ƙera ta. Ƙanƙantarta ce ke ba da damar a cusa da yawa: U12t na kamfanin 64 Audio yana da guda 12 a kowane kunne, farashinsa kuwa kusan dala 2,000.

To, sha biyu ta fi ɗaya daɗi? A nan rigimar take.

Kunnen ɗan Adam na jin sauti daga 20 zuwa 20,000 a ma'aunin hatz. Abin da ya fi tasiri a daɗin iyafis shi ne yadda ya raba ƙarfi a wannan tsakanin: nawa ya ba bes, nawa ya ba murya, nawa ya ba siraran sautuka irin na kuge. Ana auna wannan da kunnen roba mai makirfo a ciki, a fitar da zane. Masu bincike na kamfanin Harman, ƙarƙashin jagorancin Sean Olive, sun yi shekaru suna sa mutane saurare ba tare da sun san me ke kunnensu ba, har suka fitar da zanen da akasari aka fi so. Da kamfanonin China irin su Moondrop suka fara bin irin wannan zane, sai ga iyafis na dala 20, kamar Chu da ya fito a 2022, yana ba na ɗaruruwan daloli kunya. Tun a 2017 ma wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba ma'aunin hedifon 283, ya tarar kusan babu alaƙa tsakanin farashi da yadda suke raba sautin.

Wannan ba ya nufin masu tsada duk yaudara ce. Suna da ingancin jiki, suna zama daram a kunne, kuma wasu ana ƙera su ne da zubin kunnenka kai kaɗai. Amma bambancin da ke tsakanin na dala 20 da na 200 ya fi wanda ke tsakanin na 200 da na 2,000 fitowa fili.

Ga mu ɗalibai kuwa, matsalar ta fi haka. Ba mu da shagon da za mu shiga mu gwada guda biyar mu zaɓa. Oda ake yi ta intanet, a biya da naira da aka sha wuyar tarawa, a jira makonni. Ke nan kunnen wani muke ara, wato masu sharhi na YouTube. Ni kaina na taɓa haɗa kuɗin abincin sati biyu na sayi wani da mai sharhi ya rantse da shi. Da ya iso, muryar mawaƙa ta riƙa sukar kunnena kamar allura. Ban ce ya yi ƙarya ba. Wataƙila ramin kunnensa ne ba irin nawa ba, domin tsawon ramin da zurfin da robar ta shiga suna sauya siraran sautuka sosai, kuma kunnen robar da ake awo da shi bai cika dacewa da kowa ba a can sama.

Sai dai akwai abin da ya wuce siffar kunne. Yawancin masu sharhi kyauta kamfanoni ke aika musu kayan. Wanda ya kushe kaya yau, gobe ba lallai a sake aika masa ba, kuma wanda ba shi da sabon kaya ba shi da sabon bidiyo. Da yawa kuma suna samun kamisho idan ka saya ta adireshin da suka liƙa a ƙasan bidiyon. Na uku shi ne haɗin gwiwa, inda ake buga sunan mai sharhi a jikin kwali. Crinacle, ɗan Singafo da ya yi suna wajen auna ɗaruruwan iyafis, ya yi irin wannan da Moondrop da Truthear da 7Hz. A 2022 aka fasa wasu iyafis na kamfanin KZ, har da wanda ke ɗauke da sunansa, aka nuna cewa wasu lasifikun ciki kusan ba sa ƙara komai a sautin da ke fita. Ya raba gari da kamfanin, amma darasin da na ɗauka shi ne: mutane da yawa sun riga sun yabi "aikin" lasifikun da ba sa aiki.

Ba sai mutum ya ci hanci zai ruɗu ba. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun nuna cewa makin da masu saurare ke ba sifika yana canzawa idan suna ganin ta, da girmanta da tambarinta, ko da ƙwararru ne. Ido na riga kunne yanke hukunci. Shi ya sa idan na ji mai sharhi na cewa wayar azurfa ta dala 500 ta "buɗe" masa sauti, tambayata ɗaya ce: ya gwada ido a rufe?

Yanzu kafin in yarda da mai sharhi, ina duba ko ya faɗi inda ya samo kayan, da ko ya taɓa kushe kayan kamfanin da yake hulɗa da shi. Sannan in nemo abin da ya ce game da iyafis ɗin da na riga na mallaka. Idan wanda ke sukar kunnena shi ya kira shi mai laushi, to kunnenmu ba ɗaya ba ne, sai in nemi wani.

Abu guda da babu mai sharhin da zai biya ka idan ka rasa shi ne jin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi, kuma ta sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga manya. Tunda IEM na toshe hayaniya, ba ka da hujjar ƙure ƙara a cikin A Daidaita Sahu. Amma cire shi kafin ka tsallaka titi, domin hon ɗin ma yana toshewa.