Kafin Tashar Gusau, 'Yandoto Ce Matattara

'Yan uwana 'yanmata, musamman ku masu hawa mota daga Funtuwa zuwa Gusau in an koma makaranta, ko kun taɓa ɗaga kai daga littafin soyayyar da ke hannunku in an shigo ƙasar Tsafe? Akwai wani gari a bakin titi, 'Yandoto. Direba ko birki ba ya takawa. Alhali a da, nan ne kowa ke sauke kaya.

Tun kafin jihadi 'Yandoto matattara ce. Fatake su iso da jakuna da raƙuma su yada zango, almajirai su zo daga nesa neman karatu wurin malamanta. Har masu tarihin baka sun ce Korau, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya hau sarautar Katsina, mutumin nan ne. Wai ma matar Sanau ce ta tona masa asirin mijinta. Kai, mata!

Da jihadi ya zo malaman garin suka rabu biyu, Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi, jama'a suka watse. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya bi Shehu, shi ya kafa Gusau. Amma abin da ya ɗaga Gusau sosai jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso daga Zariya a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Nan da nan bakin tasha ya zama kasuwa: buhunan gyaɗa, auduga, 'yan dako, masu abinci, ga Yarabawa da Ibo sun cika Sabon Gari. Daga baya mota ta ƙwace wa jirgi fasinja, tashoshin mota suka karɓe hayaniyar, mai zuwa Sakkwato ta Bungudu da mai zuwa Ƙaura duk sai sun ratsa garin. A 1996 Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da hanyar ta shiga tun da 'yan bindiga suka addabi Zamfara. Ayarin amarya da a da ake tashi da la'asar ana guɗa, sai ya koma sammako. Uwa ta raka 'yarta tasha, ba za ta iya cin abinci ba sai waya ta yi ƙara an ce mata an sauka lafiya.